Dirama, wasan kwaikwayo, tamsiliyya: abu ɗaya ne ko kowanne da gidansa?

Maman_Biyu_Aboabo
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da tambaya, kuma don Allah masu sani su amsa mini, domin maganar ta raba kan gidanmu tun shekaranjiya. 'Yata ta fari tana aji biyu a JHS, wato ƙaramar sakandare, a nan Kumasi. Ta dawo daga sukul da takarda a hannu, wai malaminsu ya zaɓe ta cikin ƙungiyar dirama, ana son iyaye su sa hannu. Ni ban ga aibu ba. Amma da surukata ta ji kalmar, sai ta dire kofin kokonta ta ce, "A gidan nan? Jikata ce za ta zama 'yar dirama?" Maigidan ya yi shiru, ba ya ja da maganar Mma. Abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar nan bara ta fito a tamsiliyya ranar walimar makarantarsu ta Islamiyya, ta zama uwa mai yi wa ɗanta faɗa a kan sallah, kuma Mma da kanta ta tashi ta liƙa mata kuɗi a goshi. To mece ce ma'anar dirama? Daga ina kalmar ta zo? Ita ce wasan kwaikwayo, ita ce tamsiliyya, ko daban suke?

Saurayin_Yalwa
Wa alaikumus salam Maman Biyu. Mu dai a beis ɗinmu, inda muke zaman hira, in ka ji an ce dirama, rigima ake nufi. "An yi dirama a gidan suna," "yau an kwashi dirama a tasha." Ba wanda zai yi tunanin dandamali. Wataƙila abin da kunnen Mma ya ji ke nan.

Ɗan_Alabar
Ni na taɓa ji a bakin wani dattijo cewa daga dirhami kalmar ta fito, saboda masu yin ta don kuɗi suke yi. Allah ne masani.

Tica_Asawase
Maman Biyu, sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da adabi, kuma kowace shekara sai wani uba ya zo mini da irin wannan tambaya.

Kalmar ba ta Turawan Ingila ba ce, su ma aro suka yi. Asalinta Girkanci ne. A harshensu akwai aikatau "dran", ma'anarsa yi ko aikatawa. Daga nan aka samu "drama", wato abin da aka aikata. Ta bi ta Latin ta shiga harsunan Turai, mu kuma muka karɓe ta daga Turanci, muka saƙa mata wasali tsakanin d da r, domin harshenmu ba ya fara kalma da baƙaƙe biyu a jere. Haka muka yi wa direba da burodi da firamare.

Aristotil, masanin Girka da ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam, ya bayyana dalilin sunan. Labari ana iya isar da shi ta hanya biyu: ko a zauna a ba da shi da baki, ko a sa mutane su tashi su aikata shi a gaban masu kallo. Na biyun shi ne drama. In Mma ta tara jikoki ta ce "ga ta nan ga ta nanku" ta kawo labarin Gizo da Ƙoƙi, tatsuniya ce. In yara biyu suka miƙe, ɗaya ya zama Gizo yana tsamin baki, ɗaya ta ɗaura zane ta zama Ƙoƙi, to an shiga dirama. Iyakar ma'anar ke nan. Babu rawa a cikin kalmar, babu kiɗa, babu rashin kunya. Waɗannan mutane ne suke zuba su in sun ga dama.

Alhaji Ɗan_Alabar, dirhami ma daga Girkanci ya zo, amma ta wata ƙofa daban, daga sunan kuɗinsu dirakma. Kama suka yi a kunne kawai.

Ɗan_Alabar
Na gode Tica. Na karɓi gyara.

YarLegon
Malam Tica, ka ba ni dama in ɗora kaɗan. Shi Aristotil ɗin yana da wata kalma da ya gina bayaninsa a kanta, "mimesis", kuma in ka nemi fassararta da Hausa, kwaikwayo za ka samu. Har ya ce kwaikwayo ɗabi'ar ɗan Adam ce tun yana yaro, kuma da shi yake fara koyon abubuwa. Duk wadda ta taɓa ganin yarinya ta goya kwalba tana jijjiga ta ta san gaskiya ya faɗa. Don haka waɗanda suka raɗa wa abin suna wasan kwaikwayo sun dace ƙwarai. Girkawa sun kalli aikatawar, Hausawa sun kalli kwaikwayon.

Inda matsalarmu take, a ganina, ita ce kalmar wasa. Da zarar an ce wasa, babba ya ɗauka abin yara ne, ko ɓata lokaci. Kuma ba mu kaɗai ba ne. Maƙwabtanmu Asante suna cewa agoro, shi ma wasa ne. Efua Sutherland, wadda ta kafa Ghana Drama Studio a Accra, aka buɗe shi a 1961, ta ɗauki tatsuniyoyin Ananse, wato Gizonsu, ta mayar da su abin da ake aikatawa a dandamali, ta kira salon Anansegoro, wasan Ananse. Ginin ma an yi shi ne da siffar tsakar gida irin ta Akan, masu kallo na kewaye da masu wasa. Daga baya aka rushe shi don a gina National Theatre, wanda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 1992, shi kuma aka sake gina irinsa a nan Legon, a Jami'ar Gana. Kullum nakan wuce ta gabansa in zan je aji.

Ɗalibin_Ilmi
Assalamu alaikum. Tica ya faɗi asalin kalmar amma bai faɗi inda ake yin abin ba. A birnin Atina, a bikin wani abin bautarsu mai suna Diyonisus ake gabatar da waɗannan wasanni. Abin da aka haifa a wurin bautar gunki, ya kamata Musulmi ya tsaya ya yi tunani kafin ya tura 'yarsa. Na biyu, mutum ya tsaya ya ce ni ne wane alhali ba shi ba ne, ya yi kukan da babu shi a zuciyarsa, wannan ba ƙarya ba ce? Ni ina bayan Mma.

Tica_Asawase
Gaskiyarka a kan tarihin, ban ɓoye don wata manufa ba. A bikin Diyonisus ake gasar, maza kaɗai ke wasa, suna rufe fuska da abin rufe fuska, kuma su suke fitowa a matsayin mata. Amma wannan tarihin Girkawa ne. Kwaikwayo bai jira Girkawa ba kafin ya zo ƙasar Hausa.

Ustaz_Sawaba
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗalibi, Allah ya ƙara maka kishin addini. Bari mu bi abin a hankali.

Maman Biyu ta tambayi tamsiliyya. Kalmar Larabci ce, tushenta ɗaya da misali da muke faɗa kullum. Tamsiliyya ita ce a buga misali da jiki maimakon baki. Larabawa suna da wata kalmar kuma, masrahiyya, daga masrah, wato dandamalin da ake hawa. Su ma irin na dandamalin nan bai daɗe a wurinsu ba, ana danganta farkonsa ga wani mutumin Bairut, Marun Naƙƙash, wajen shekarar 1847. To kin ga, abin da 'yarki ta yi a walima da abin da ake kiran ta ta yi a sukul, aikin ɗaya ne. Ɗaya ya sa jallabiya, ɗaya ya sa kwat.

Hukunci kuwa, malamai sun yi saɓani, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai waɗanda suka hana baki ɗaya, hujjarsu ta yi kusa da abin da Ɗalibi ya kawo. Akwai waɗanda suka halatta da sharuɗɗa: kada a fito a matsayin wani Annabi, kada a yi izgili da addini, a kiyaye sutura da cuɗanya, kada ya hana sallah. Su suna cewa ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba, a nan kuwa duk wanda ke zaune ya san yarinyar nan ba uwar kowa ba ce. Ni ga wannan ra'ayi na karkata, shi ya sa muke yi a makarantarmu. Shawarata gare ki, kada ki tsaya kan suna. Ki je sukul ɗin, ki tambayi me za a nuna, wa zai tsaya a kansu, ƙarfe nawa suke tashi.

Ɗalibin_Ilmi
Na ji Ustaz, kuma ina girmama ka. Amma a makaranta kai ne a kansu. A sukul wa ya san wanda ke kansu?

Magajiyar_Layi
Shi ya sa ya ce ta je ta gani ai, ɗana. Gani ya kori ji.

Baba_Direba
Ku yara kuna ta Girka da Bairut, ku bar ni in gaya muku abin da ke cikin kan Mma, domin sa'ata ce ko ta girme ni kaɗan. Mu da muka tashi a Kumasi ba mu san kalmar dirama ba sai daga baya. Konsat muka sani. Ina yaron mota a lokacin, kuma mun sha ɗaukar 'yan konsat da kayan kiɗansu zuwa garuruwan masu noman koko, musamman in an sayar da koko kuɗi ya shiga hannu. Da rana a zagaya gari da allo an zana hoton dodo ko mayya, ana kaɗa ƙararrawa. Da dare a shiga wani fili mai katanga, a karɓi kuɗi a ƙofa. Sai a yi ta kiɗan hailaif ana rawa har tsakar dare kafin a fara wasan kansa, ba a tashi sai an kusa kiran assalatu. Namiji ne zai ɗaura zane ya sa ɗankwali ya shafa hoda ya zama mace. Ana sayar da giya a bakin ƙofa. To ku gaya mini, wace uwa ce a Zango za ta bar 'yarta ta je can? Yaron da aka gani a wurin ma, washegari sai ya sha bulala a makarantar allo.

Amma zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah. Na ga wani wasa a wani gari bayan Mampong, labarin marainiya da kishiyar uwa. An sa yarinyar ta durƙusa tana wanke-wanke tana waƙar kuka da Twi, harshen Asante. Wata mata daga cikin masu kallo ta tashi, ta hau dandamalin, ta kwance bakin zanenta ta ba marainiyar kuɗi, ta juya ta nuna kishiyar da yatsa tana zaginta. Alhali duka biyun ƙarti ne, ni na ɗauko su a mota. Na fi shekara hamsin ban manta fuskar matar nan ba. Saboda haka abin yana da ƙarfi, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙarfin nan ne ma iyayenmu suke tsoro.

YarLegon
Baba, Allah ya ƙara lafiya, wannan ya fi abin da ake koya mana a aji. Konsat ɗin ana kai farkonsa ga wani malamin makaranta a Sekondi da ake kira Tica Yalley, wajen 1918. Bob Johnson da ƙungiyar Axim Trio suka yaɗa shi a shekarun 1930, sannan E.K. Nyame ya kafa Akan Trio a 1952 ya mayar da wasan cikin Twi gaba ɗaya. Kuma ku lura, abin da ya sami kalmar dirama shi ya sami kalmar konsat. Yau in mutumin Kumasi ya ce maka "konsat kake yi", yana nufin shirme kake, ba da gaske kake ba.

Saurayin_Yalwa
Wallahi haka ne. Har a siyasa ana faɗa.

Bakanuwa_a_Tafo
Sallama gare ku. Ni aure ya kawo ni Kumasi, a Kano aka haife ni. Ina so in amsa wa Ɗalibi, cikin girmamawa. Tun kafin Bature ya zo muna da namu. In azumi ya kai kwana goma sai a fara tashe. Yara maza su sa gemun auduga, ɗaya ya zama tsoho, ɗaya ya zama malami, ɗaya mai magani. Mu mata mu ɗauki ƙwarya mu shiga gida gida, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama mata, a nuna yadda zaman aure yake, matan gida suna dariya suna ba mu hatsi ko kuɗi. A Kano har sarkin gwagware ake da shi, Nalako, mai tashen waɗanda ba su da mata. A cikin watan Ramadan fa, a birnin malamai.

Akwai kuma wasan gauta, wanda matan fada suke yi. Ɗaya ta yi shigar sarki, sauran su zama hakimai da fadawa, su kwaikwayi tafiyar kowa da maganarsa da yadda yake shari'a, sarki yana kallo. Hannunka mai sanda ke nan, abin da ba wanda ya isa ya faɗa masa da baki sai a nuna masa da wasa. A ƙauyuka kuma akwai kalankuwa bayan an gama girbi, samari su naɗa sarkinsu da alƙalinsu. Ba wanda ya kira waɗannan dirama. Wasa ake cewa, ko a kira kowanne da sunansa. Ko da aka fara rubutawa a littafi, da kalmar wasa aka tafi, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau. Malam Aminu Kano ma ya rubuta wasanni tun yana matashi, yana sukar zalunci da su.

Kalmar dirama ta yi ƙarfi ne da zuwan rediyo da talabijin. Ƙungiyoyin da ke wasa a dandamali da talabijin su ake kira 'yan dirama. Daga cikinsu ne ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya a 1990, wanda ake ƙirgawa a farkon finafinan bidiyo na Hausa, sunan Kannywood kuma ya fito a 1999. Yanzu in ka ce wa ɗan fim ɗan dirama, wani sai ya ɓata rai, yana ganin ka rage masa daraja. Suna linzami ne, inda aka ja shi nan yake bi.

Ɗalibin_Ilmi
Hajiya, kasancewar abu al'ada bai mayar da shi hujja ba. Bori ma al'ada ce, kuma akwai masu lissafa shi cikin wasan kwaikwayon gargajiya.

Bakanuwa_a_Tafo
Ban kawo shi a matsayin hujjar shari'a ba, ɗan'uwa, wannan fagen Ustaz ne. Na kawo shi ne don ka ce daga gidan gunki abin ya fito. Namu daga tsakar gida ya fito. Bori kuwa, mai yinsa bai yarda kwaikwayo yake ba, cewa yake an hau shi. Nan suka rabu.

Mai_Ɗinki_Akwatialine
Tun safe nake karantawa ina ɗinki, na kasa haƙuri. Ni an kira ni ɗan dirama, kuma na san nauyin sunan.

Ina saurayi muna da 'yar ƙungiya a unguwa, mu tara. Ba mu da dandamali, benci huɗu muke haɗawa mu shimfiɗa katako, mu rataya zanen gado a baya. Wata shekara a taron Mauludi muka yi wasa a kan tauye mudu. Ni na fito a matsayin mai sayar da shinkafa. Na samo tsohon olonka, gwangwanin awo da muke amfani da shi kamar mudu, na bubbuga gindinsa da guduma ya shige ciki, yadda wasu ke yi. Ina awo ina rantsuwa, ina murmushi, ina cewa "wallahi har na ƙara miki". Sai abokina ya fito a matsayin ɗan da na aika ya sayo magani, shi ma mai maganin ya cuce shi. Wurin ya yi tsit. Bayan kwana biyu wata baiwar Allah da ke sayar da hatsi ta zo shagon maigidana, ta kira ni waje, ta buɗe jaka ta nuna mini sabon olonka. Ba ta ce komai ba sai "na canza". Ta tafi.

A shekarar nan na nemi aure. Magana ta yi nisa, har an kai goro. Sai wani ya je ya gaya wa kawun yarinyar cewa ai ɗan dirama ne. Aka dawo da goron. Ba a tambayi sallata ba, ba a tambayi sana'ata ba, ga keken ɗinkina a gabana. Kuma kawun nan yana zaune a sahun gaba ranar da muka yi wasan, na gan shi yana gyaɗa kai. Da an ce masa tamsiliyya na yi, na tabbata da ya sa albarka. Na yi aure daga baya, alhamdu lillahi, 'ya'yana biyar. Amma daga ranar ban sake hawa benci ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo, domin na san ina da baiwar.

Maman Biyu, ba ina ce miki ki saɓa wa surukarki ba. Ina roƙon ki dai kada a kashe wa yarinya abu saboda suna kawai.

Magajiyar_Layi
Allah sarki. Allah ya saka maka, Mai Ɗinki. Irin wannan ya faru da yawa, ba a dai faɗa ne.

Ɗan_Alabar
Ni abin da ya tsaya mini shi ne olonkan nan. Har gobe ana yi a kasuwa. Da za ku dawo da wasan da kun taimaka.

Saurayin_Yalwa
To ni ma ina da tawa tambayar. In asalin kalmar aikatawa ne, yaya aka yi ta koma rigima? Jiya a tashar Kejetia mai trotro, wato motar haya, da fasinja suka kama kokawa a kan canjin sidi biyu, kowa yana cewa zo ka ga dirama.

Tica_Asawase
Tambaya mai kyau. Wasa ba ya tsayuwa sai da saɓani. In aka hau dandamali kowa yana lafiya da kowa, ba wanda zai zauna kallo. Dole a sami mai so da mai hanawa, uwar miji da matar ɗa, mai bashi da wanda ake bi. Saboda haka duk inda mutane suka ga saɓani ya fito fili, ga murya ta tashi, ga 'yan kallo sun kewaye, sai su ce dirama. A Turanci ma ana amfani da ita haka, ba mu muka fara ba. Akwai ma'ana ta uku kuma, in aka ce "dirama take yi", wato kukan nata ko suman nata ba na gaske ba ne.

Wani abin kuma, a wurin masu rarraba finafinai, in suka rubuta drama a kan fim suna nufin labari mai nauyi, na rayuwa da damuwa, kishiyar barkwanci. Mu kuwa da yawanmu in an ce dirama, abin dariya muke jira. Ina ganin talabijin ce ta jawo haka. A nan Gana mun tashi da Osofo Dadzie tun shekarun 1970, sannan Key Soap Concert Party a shekarun 1990. A Najeriya suna da Samanja, marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023. Duk suna koyarwa, amma da dariya suke shigar da ita.

Baba_Direba
Osofo Dadzie! Gida ɗaya ne mai talabijin a layinmu, a taga muke leƙe. Mma ma in kun tambaye ta, ina kyautata zaton ta kalla.

YarLegon
Wata 'yar tambaya a gefe. Yaya ya kamata a rubuta? Ina ganin wasu na rubuta drama, wasu dirama, wasu diraama.

Bakanuwa_a_Tafo
Dirama. A daidaitacciyar Hausa ba a ninka wasali a rubutu ko da an ja shi a baki. Amma a jarrabawa da littattafan makaranta a can gida, wasan kwaikwayo za ki gani, ana lissafa shi na uku bayan zube da waƙa.

Mai_Kula_da_Zaure
Jama'a muna jin daɗin muhawarar, kowa ya riƙe ladabi kamar yadda ake yi. Wanda ya turo tallan atamfa a tsakiya na cire, a kai shi ranar Asabar.

Ustaz_Sawaba
Labarin Mai Ɗinki ya taɓa ni. Mu malamai muna da laifi a nan. Mun bar mutane suna hukunci da harshen da kalma ta fito, in Larabci ce halal, in Turanci ce haram. Na taɓa ganin tamsiliyya a wata walima da aka sa yara suna kwaikwayon gurgu da mai in'ina ana ta dariya. Na tashi na tsayar da ita. Sunanta na Larabci bai wanke ta ba. Ɗalibi kuma yana da gaskiya a wuri ɗaya: wanda ke kan yaran shi ne magana. Wannan ba a sakaci da shi, a sukul ne ko a makaranta.

Ɗalibin_Ilmi
Na yarda da wannan, Ustaz. Amma ina nan kan cewa barinsa ya fi aminci, musamman ga 'ya mace da ta fara girma. Yau sukul ne, gobe TikTok.

Magajiyar_Layi
Ɗana, waɗanda ke TikTok ɗin wace ƙungiyar sukul suka shiga? Waya ce a hannunsu kawai, ba malami ba uwa.

Maman_Biyu_Aboabo
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Na bi shawarar Ustaz, yau da safe na je sukul ɗin. Malama mace ce ke kula da su tare da malamin da ya ba da takardar. Ranar Laraba suke gwaji, su tashi kafin la'asar. Wasan a kan zubar da shara a kwata ne da yadda ruwa ke shiga gidaje in damina ta yi ƙarfi, abin da mu mutanen unguwar Aboabo ba sai an ba mu labari ba. 'Yata za ta fito a matsayin nas, da hijabinta.

Da na dawo na zauna da Mma na karanta mata wasu daga cikin amsoshinku. Da na zo kan na Baba Direba sai ta yi shiru, can ta ce wani ƙanenta ya bi 'yan konsat yana saurayi, shekara uku ba a san inda yake ba, ya dawo ba lafiya. Ban taɓa jin wannan labari ba, maigidan ma ya ce bai sani ba. Ta ce ba ta hana ba kuma ba ta yarda ba, sai ta je ta ga gwajin da idonta ranar Laraba. Sharaɗinta ɗaya tun yanzu, ko an yi ko ba a yi ba, kada wanda ya kira jikarta 'yar dirama a gabanta. Takardar tana nan a kan firji, ba a sa hannu ba tukuna.

Saurayin_Yalwa
To me za a kira ta?

Bakanuwa_a_Tafo
'Yar wasan kwaikwayo mana.

YarLegon
Ni kuma ina ganin gara mu riƙe kalmar mu wanke ta, maimakon mu gudu mu bar wa masu rigima.

Mai_Ɗinki_Akwatialine
Maman Biyu, in Allah ya sa Mma ta amince, ki aiko yarinyar da awonta. Farin yadi yana nan ya rage mini, ni zan ɗinka mata rigar nas ɗin, ba sai kin biya ba.